Ranar da Buhari ya fara da Yamai: me ziyarar ta kawo, me ya tsaya a takarda?

Duk ranar da babban baƙo zai sauka a Yamai, mu nan Wadata ba sai an gaya mana ba. Tun da sassafe za ka ga an jera jami'an tsaro a hanyar filin jirgin sama na Diori Hamani, an kakkafa tutoci, taksi da kabu-kabu sun yi cirko-cirko, motar da ta gama lodi a tasha za ta kama hanyar Dogon Dutsi ko Ƙonni tana jiran a ba ta hannu. Da jiniya ta wuce, hanya ta buɗe, sai gardama ta koma fada wajen masu shayi.

Gardamar kuwa ɗaya ce, ita ce kuma ke zo mana ta waya daga ƙauyuka, da saƙonnin murya na WhatsApp daga 'yan uwanmu masu bida a Kano, Legas, Kwatano, Abijan har Libiya: wai in shugaban wata ƙasa ya zo, anka yi fareti, anka ci anka sha, anka sa hannu ga takardu, mi talaka ya samu? Tambaya ce mai kyau, amma ba ta amsuwa da eh ko a'a. Shi ya sa muka ga ya fi mu ɗauki ziyara guda wadda ta kwana biyu, wadda an riga an ga abin da ta haifa, mu bi sawunta tare. Mun zaɓi ta marigayi Muhammadu Buhari, ranar Laraba 3 ga watan Yunin 2015, kwana biyar kacal bayan an rantsar da shi shugaban Najeriya. Nijar ce ƙasa ta farko da ya taka.

Ziyara kala-kala ce

A tsarin hulɗar ƙasashe, ba kowane zuwa ake kira ziyarar ƙasa ba. Ziyarar ƙasa ita ce babba: shugaba ke gayyatar takwaransa, a tarbe shi da taken ƙasashen biyu, a harba igwa sau 21, a yi masa liyafa, wani lokaci har ya yi jawabi gaban 'yan majalisa. Ƙasa da ita akwai ziyarar aiki, ko ta aiki da zumunci kamar yadda kuke yawan ji a sanarwar fadar shugaban ƙasa: biki kaɗan, magana da yawa, baƙo ya kwana ɗaya ko ya juya a ranar. Zuwan Buhari ya fi kama da wannan ta biyun.

Galibi sanarwar da ake karantawa a ƙarshen ziyara, jakadu da ma'aikatan harkokin waje sun gama tsara ta tun jirgi bai sauka ba. To me ya sa sai shugaba ya taso da kansa? Domin akwai maganar da jakada ba ya iya yankewa, kamar ta sojan wata ƙasa ya shiga ƙasar wani. Sannan ƙasar da sabon shugaba ya fara zuwa saƙo ce ga kowa. Buhari yana da gayyatar taron manyan ƙasashe bakwai a Jamus cikin makon, ya kuma je, amma sai da ya fara biyowa ta Yamai, washegari ya wuce Njamena. Ko ministoci ba shi da su a lokacin, don sai watan Nuwamba aka rantsar da su.

Halin da Difa ke ciki

Wanda ya manta da 2015 ba zai gane dalilin wannan gaggawa ba. Ranar 6 ga watan Fabrairu mayaƙan Boko Haram suka afka wa Boso da Difa, karo na farko da suka kawo babban hari cikin ƙasarmu. Bayan kwana uku majalisar dokoki ta amince a tura sojoji cikin Najeriya, aka kuma kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa. A watan Maris sojojin Nijar da na Cadi suka ƙetara Komadugu, suka ƙwato Damasak, daga baya Malam Fatori, duka garuruwan jihar Borno. Ranar 25 ga Afrilu aka wayi gari da harin tsibirin Karamga a tafkin Cadi, inda hukumomi suka ce sojojinmu 46 da fararen hula 28 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Bayan Karamga aka umarci mazauna tsibiran su fice. Dubban mutane, da tsofaffi da masu goyo, suka tako da ƙafa cikin zafin watan Mayu zuwa Gigimi da Boso. Dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur, ta hana cinikin tattasai da bandar kifi, da hujjar cewa mayaƙan na samun kuɗi ta nan. Duk wanda ya san Difa ya san tattasai da kifi su ne rayuwar gidaje, kuma kasuwarsu a Najeriya take. Ga kuma mutane fiye da dubu 100, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da ke zaune can, da suka gudo suka sauka a jihar, da yawansu a gidajen talakawan da su ma ba su da tiya ta gobe.

Abin da ya fi ci wa Yamai da Njamena tuwo a ƙwarya shi ne wannan: sojojinsu sun zubar da jini sun ƙwato garuruwan Najeriya, suna zaune suna jiran sojan Najeriya ya zo ya karɓa, shiru. Sun yi ta ƙorafi a fili. Ita kuwa Abuja ta zamanin Goodluck Jonathan hankalinta na kan zaɓen da aka ɗage daga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, kuma ba ta jin daɗin a ce ƙananan maƙwabta ne ke yi mata yaƙi a cikin gida. Maƙiyi ɗaya ne, amma babu yarda tsakanin masu yaƙarsa.

Wannan raunin Buhari ya zo ɗaurewa. Ya gana da shugaba Issoufou Mahamadou, ya yi godiya a bainar jama'a kan karɓar 'yan gudun hijira da kuma sadaukarwar sojojin Nijar. Kada ku raina godiya a irin wannan wuri. Babbar ƙasa, wadda yawan jama'arta ya kusa ninka namu sau goma, ta zo har gida ta ce na gode, wannan ya sanyaya zukatan manyan soja da na farar hula.

Sakamakon kuma bai jima ba. Kwana takwas bayan haka, ranar 11 ga Yuni, shugabannin yankin tafkin Cadi da na Benin suka haɗu a Abuja, suka daidaita kan rundunar haɗin gwiwa da aka daɗe ana jan ƙafa a kanta: dakaru kimanin 8,700, hedikwata a Njamena, kwamanda ɗan Najeriya, da alkawarin dalar Amurka miliyan 100 daga Abuja. Aka raba fagen daga shiyya-shiyya, ta huɗu tana Difa. In ana neman misalin ziyarar da ta motsa abu cikin kwanaki, to ga ta nan.

Sai dai yaƙi bai ƙare ba. Shekara guda cif bayan ziyarar, ranar 3 ga Yunin 2016, Boko Haram ta sake afka wa Boso, sojoji fiye da 20 suka rasu, garin ya watse, mutane dubbai suka zube a bakin kwalta kan hanyar Difa. Daga baya kuma wata wutar ta kunno ta kudancin Maraɗi, ta 'yan bindiga masu satar shanu da mutane, har 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka cika ƙauyukan Gidan Runji a 2019. Ita kanta rundunar, Nijar ta sanar da ficewa daga cikinta a ƙarshen watan Maris na 2025. A namu ganin, ziyarar ta gyara magana tsakanin sojojin ƙasashen biyu, ta rage zargin juna, kuma wannan ya ceci rayuka. Wanda ya sa ran fiye da haka daga zaman yini guda, ya ɗora mata kayan da ba ta iya ɗauka.

Shekarun Ɗanjuma da Ɗanjummai

Abin da ya biyo baya shi ne zumunci irin wanda aka jima ba a gani ba tsakanin fadojin biyu. Buhari ya halarci bikin 18 ga Disamba a Tawa a 2017, ya dawo na Damagaram a 2018. A 2022 aka ji gwamnatinsa ta saya wa Nijar manyan motoci 10 na fiye da naira miliyar 1, da sunan taimakon tsaro. A watan Nuwamban wannan shekarar shugaba Bazoum Mohamed ya raɗa wa wani babban titi nan Yamai sunansa, shi da kansa ya zo aka buɗe. Bai kuma ɓoye cewa yana da dangi a Nijar ba, har ya taɓa faɗa cikin raha cewa in aka dame shi a Daura bayan ya sauka, zai tsallako nan. 'Yan uwanmu da ke Legas sun san yadda irin waɗannan maganganu suka riƙa tayar da ƙura a kudancin Najeriya, inda wasu ke cewa shugabansu ya fi son Nijar da ƙasarsa.

Babban abin da ake nunawa da yatsa daga wannan zamani shi ne layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Tsawonsa kimanin kilomita 284, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Najeriya ce ta ɗauki nauyinsa, kusan dalar Amurka miliyar 2, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke aikin, an kuma ƙaddamar da shi ranar 9 ga Fabrairun 2021. Lissafin Abuja ba na kyauta ba ne: tana son kayan Nijar da ke bi ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano su koma bi ta Legas. Ba laifi, in ɗan kasuwar Maraɗi zai sami sauƙi. Aiki ya yi nisa a ɓangaren Najeriya, amma har zuwa wannan rubutu jirgin bai yi kuka a Maraɗi ba.

Akwai kuma wanda bai ko tashi daga takarda ba. A watan Yulin 2018, a Abuja, gaban Issoufou da Buhari, aka sa hannu kan gina matatar mai a jihar Katsina, da bututun da zai kai mata ɗanyen man Agadem. An yi tafi, an ɗauki hoto. Ba a gina matatar ba. Manmu ya kama wata hanya: a watan Satumban 2019 aka fara shimfiɗa bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, tare da kamfanin CNPC na Sin, jirgin ruwa na farko kuma ya yi lodi a watan Mayun 2024. Don haka in kun ji mun karanta cewa an sa hannu kan yarjejeniyar fahimtar juna, ku riƙe cewa niyya ce aka rubuta. Sai an ji wa zai biya, an ga kuɗin a kasafi, an ga katafila a fili, sannan ta zama aiki.

Kwana 44

Ga inda labarin ya fi ɗaci, kuma nan ne masu saurarenmu na bakin iyaka suka fi mu sani. Ranar 7 ga Yulin 2019 Buhari ya sake zuwa Yamai, taron Tarayyar Afirka, ya sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci marar shinge ta nahiyar, wadda Issoufou ne ya yi mata jagora. Bayan kwana 44, ranar 20 ga Agusta, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, babu sallama. A lokacin Issoufou ne ma shugaban CEDEAO, ƙungiyar da tushenta shi ne mutane da kaya su yi zirga-zirga ba shamaki.

Abuja ta ce fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da mai take yaƙa. Gaskiya ɗaya ce, tana da abin faɗa. Kowa ya san shinkafar Tailan da Indiya na sauka Kwatano, ta shigo ta Gaya, ta kwana a sito a Maraɗi ko Ƙonni, da dare ta tsallaka. Kowa kuma ya san daga ina esansin ruwa-ruwa da ake sayarwa a kwalba yake fitowa. Amma da aka rufe ƙofa, ba manyan masu fasa-ƙwauri kaɗai ta datse wa yatsa ba. Manomin da ya girbe wake ko aya, mai albasar Galmi, makiyayin da ke kora raguna kasuwar Illela ran Lahadi ko ta Maigatari ran Alhamis, duk sun rasa mai saye, ko sun sayar a wulaƙance. Masara da dawa da taki da ke shigowa daga can suka yi tsada. Kamyo-kamyo suka yi layi a Ɗan Isa da Ƙonni da Ɗan Barto, kayan gwari suna ruɓewa a ciki. A watan Nuwamba aka ƙara da hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya gasa mutanen Najeriyar su kansu.

Nan tashar Wadata mun ga abin da idonmu. Fasinja ya ragu, kayan roba da atamfa da kayan gyaran babur suka hau, ɗan bida da zai koma Kano sai ya sauka kafin shinge, ya hau babur ya bi ɓarauniyar hanya, ya biya nan ya biya can. An yi ta zaman ministocin Najeriya da Nijar da Benin, an kafa kwamiti, an yi maganar sintiri tare. Ba a buɗe ba sai 16 ga Disamban 2020, aka fara da Illela da Maigatari ta ɓangarenmu. Kusan wata 16 ke nan, tsakanin shugabanni biyu da ke kiran juna 'yan uwa.

Dattawa ba su yi mamaki ba. Mu ba a haife mu ba a lokacin, amma babu ɗan ƙasar Hausa ta Nijar da bai ji sunan El-Buhari a bakin kakarsa ba. A ƙarshen 1983 Janar Buhari ya karɓi mulki. A watan Afrilun 1984 ya rufe iyakoki lokacin canjin takardun naira. Daminar wannan shekarar kuma ta ƙi, hatsi bai yi ba, dabbobi suka yi ta faɗuwa. A al'ada, in fari ya zo, kudu ake gangarawa a sayo hatsi ko a yi ƙwadago a aiko gida, to ga ƙofar a kulle. A 1985 kuma aka kori baƙi marasa takardu, da 'yan Nijar masu yawa a ciki. Sai a watan Maris na 1986, bayan Janar Babangida ya hau, aka buɗe iyakar. Jama'a suka raɗa wa yunwar sunan wanda ya kulle ƙofa, ko da yake ba shi ya hana ruwan sama ba. Mutum ɗaya ke nan, da yunwa mai sunansa da titi mai sunansa a ƙasa guda.

Ba muna faɗin wannan don tonon silili ga wanda ya riga mu gidan gaskiya ba. Muna faɗa ne don a gane cewa shugaban da ya zo ziyara, komai ƙaunarsa gare mu, masu zaɓensa suna can, manoman shinkafarsa suna can. Ranar da buƙatar gidansa ta ci karo da zumunci, buƙatar gida zai ɗauka. Namu ma haka za su yi.

Da shugabanni suka daina gaisawa

Dangantakar ƙasashen biyu ta girmi Buhari da Issoufou. Lokacin yaƙin Biyafara, Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin Yakubu Gowon duk da Faransa ta karkata ga ɗaya ɓangaren, har aka yi zaman neman sulhu nan Yamai a watan Yulin 1968. Daga wannan amincin aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya a 1971, ofishinta kuma a Yamai yake. Daga nan aka jawo layin lantarki na madatsar Kainji ta Birnin Kebbi, wanda ya fara haska Yamai a 1976, daga baya wani ya biyo ta Katsina zuwa Gazawa don Maraɗi da Damagaram. A 1990 aka ƙulla yarjejeniyar Maiduguri kan rabon ruwan da muka haɗa, irin Gulbin Maraɗi da Maggiya da Komadugu. Irin waɗannan su ne ribar ziyara da ke daɗewa, don an ɗaura su a kan ofishi da ma'aikata da turakun ƙarfe, sun kuma wuce zamanin waɗanda suka sa hannu.

Amma 2023 ta nuna mana su ma ana iya taɓa su. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, wata biyu bayan Buhari ya miƙa wa Bola Tinubu, wanda kuma shi ke riƙe da shugabancin CEDEAO. Ranar 30 ga wata, a Abuja, ƙungiyar ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, aka yi barazanar amfani da ƙarfi. A farkon Agusta Najeriya ta yanke lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa. Ba sai mun tuna wa mutanen Wadata ba: mai walda, tela, mai injin niƙa, mai ƙanƙara, mai cajin salula, kowa ya zauna ya zuba tagumi. Magani ya yi wuya, shinkafa ta hau. Can ma Jibiya da Illela da Kamba kasuwa ta mutu.

To a wannan lokacin wa ya tako? Tawagar farko ta CEDEAO, da Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, ta zo ranar 3 ga Agusta ba ta ga sabon shugaban ba, sai da ta dawo ranar 19. Kafin nan, ranar 9, Muhammadu Sanusi na biyu ya gana da Janar Abdourahamane Tiani tare da rakiyar Sarkin Damagaram. Ranar 12 malaman Najeriya ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau suka zauna da shi. A Abuja kuma sanatocin arewa suka fito suka ce ba su yarda a yaƙi Nijar ba. Sarakai da malamai da 'yan kasuwa, da auratayyar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, Daura da Damagaram, Sakkwato da Ƙonni, su suka riƙe igiyar da fadoji suka saki. Iyakar kusan kilomita 1,500 ce, akwai kuma gonakin da kunya ɗaya tana Nijar ɗaya tana Najeriya.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe ranar 22. Sai dai ruwa ya riga ya ɗauki wata hanya. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga CEDEAO tun 28 ga Janairu, kuma manyan baƙin da suka sa aka tare mana hanya a watan Yulin 2024 su ne Assimi Goïta da Ibrahim Traoré, da suka zo kafa haɗakar AES. A ƙarshen watan Disamban wannan shekarar Janar Tiani ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa don dagula Nijar, Abuja ta musanta, mai ba Tinubu shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya mayar da martani. Wani abin lura, da zargin da amsar duk da Hausa aka yi su. Tsohuwa a ƙauye ta ji rigimar ƙasa da ƙasa da kunnenta, ba tafinta.

Tun daga Yulin 2023 har zuwa wannan rubutu, shugaban Najeriya bai zo Yamai ba, namu bai je Abuja ba. Na ƙasa da su ke tafiyar. Babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya zo a ƙarshen Agustan 2024 ya gana da Janar Moussa Salaou Barmou. Ranar 16 ga Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya, Yusuf Tuggar, ya zo ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré. In kun duba abin da suka ce za su farfaɗo da shi, tsofaffin abubuwan nan ne dai: hukumar haɗin gwiwa ta 1971, layin dogon Maraɗi, lantarki, kasuwannin kan iyaka, tsaro. Ga mai dangi a Kano ko Legas da ke tambayarmu batun takardu, CEDEAO ta ce ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan Nijar ba tare da biza ba har sai an sake sanarwa, amma mai tafiya ya riƙe takardunsa cikakku, don shingen hanya ba ya karanta sanarwar taro.

Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025, aka yi jana'izarsa a Daura ranar 15. Duk da tsamin da ke tsakanin gwamnatocin biyu, firaminista Ali Mahamane Lamine Zeine ya je a madadin Nijar, tsohon shugaba Issoufou Mahamadou ma ya je. Daga gidan da aka rufe shi zuwa shingen Kwangwalam tafiyar 'yan mintoci ce a mota, in ka tsallaka kana Ɗan Barto, hanyar Matamai da Damagaram.